Ƙarafan da ke tsaye cikin teku a Lome: mene ne asalinsu?

"Assalamu alaikum Baba Alhaji. Ni yaron mota ne daga Tawa, bana ne karona na farko da na bi maigidana Lome ɗaukar shinkafa. Da jiran lodi ya yi tsawo, sai muka sauka bakin teku kusa da babbar kasuwa. Na ga waɗansu ƙarafa a jere, tsatsa ta cinye su, sun shiga cikin ruwa kamar gada amma ba su kai ko'ina ba. Wani ya ce mini gada ce Jamusawa suka fara ba su gama ba, wani kuma ya ce nan ake loda bayi a da. Wanne ne gaskiya? Sannan tun da motoci na kwana da kwanaki a layi, me ya hana a gyara ta a yi aiki da ita, ko kuwa a yanke ƙarfen a sayar?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka da wannan tambaya, don da yawa daga cikinmu mun wuce ta gaban ƙarafan nan shekara da shekaru ba mu tsaya mun tambaya ba. Abu uku ka tambaya: mene ne abin, me ya kashe shi, kuma me ya kamata a yi da shi yau. Ni aikin ƙarfe na koya, na yi shekaru ina duba tankuna da shaton ruwa a nan Yamai da garuruwan Adar, kafin aikin karɓo injuna ya zaunar da ni Lome na wani lokaci. Da wannan idon zan ba ka amsa.

Duka mutanen biyu da suka ba ka labari sun kuskure. Abin da ka gani an gama shi sarai, kuma ya yi aiki shekaru da dama. Ba a gina shi don ya tsallaka zuwa wani gaɓa ba. Iyakar tafiyarsa ke nan da ka gani. Mutanen Lome na ce masa "waf". Dandamalin sauke kaya ne da aka ɗora bisa ginshiƙan ƙarfe, aka miƙa shi cikin teku. Maganar bayi kuwa, shekarun ba su haɗu ba. Mafi tsufan abin da ka gani an buɗe shi a 1904, alhali jiragen da ke kwasar bayi zuwa ƙetaren Atlantika sun daina tun wajen shekarun 1860. Gaɓar nan ta ga cinikin bayi, babu musu, amma a garuruwa irin su Aneho da Agbodrafo da Wida ta ƙasar Benin. A Agbodrafo har yau akwai gidan da ake tsare bayi a ƙarƙashin daɓensa, ana kai baƙi su gani. Lome kanta ba ta zama gari na kirki ba sai a ƙarshen ƙarni na 19.

Matsalar da ta haifi waf

Ka tuna yadda ka ga ruwan nan yana tasowa, ya naɗe kamar tabarma, ya faɗo bisa rairayi da ƙara kamar aradu? Wannan shi ne tushen labarin duka. Gaɓar Togo da Benin miƙaƙƙiya ce, rairayi zalla, babu wani lungu ko tsibiri da zai kare jirgi. Igiyar ruwa na tasowa daga can kudancin Atlantika, ta yi tafiyar dubban kilomita babu abin da ya tare ta, sai ta iso inda ƙasa ta taso farat ɗaya, ta miƙe tsaye ta karye. Faransawa na kiran wannan wurin karyewa "bar". Babban jirgi ba shi da halin kusanto shi. Dole ya jefa anga can nesa, a bi shi da kwale-kwale.

Kafin waf, kowane buhu da kowace ganga sai sun ratsa bar ɗin nan cikin jirgin katako, matuƙa na tuƙi da filafili suna waƙa don hannu ya zo ɗaya. An fi sanin mutanen Kuru na Laberiya da masuntan gaɓar Gana da wannan aiki. Shugaban matuƙa yakan tsaya a baya yana ƙirga igiyoyi, yana jiran ƴar tazarar da za a kutsa. In ya yi kuskure jirgi ya kife: gishiri ya narke, atamfa ta jiƙe, mutum ya karye ko ya nutse. Ka kwatanta da fito a kogin Kwara lokacin da ruwa ya cika, sannan ka ninka haɗarin sau da yawa.

Dabarar waf mai sauƙi ce: tun da ba a iya kashe bar ba, sai a bi ta samansa. A kakkafa ginshiƙai siraru waɗanda ruwa zai ratsa tsakaninsu, a shimfiɗa dandamali a sama, a kai shi har bayan inda igiya ke karyewa. Can ruwan yana hawa yana sauka amma ba ya dukan komai. Shi ya sa tsawonsa bai wuce ƴan ɗaruruwan mita ba.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su gane ba: babban jirgi bai taɓa jingina da waf ɗin ba. Yana can bisa anga. Ƙugiyar jirgi ta sauke kaya cikin ƙananan jirage, a jawo su zuwa bakin waf, ƙugiyar waf mai aiki da tururi ta ɗaga kayan ta ɗora a taragon da ke bisa dogo, a turo shi har rumbun duwan, wato kwastan. Fasinja ma haka ake yi da shi. A zaunar da shi cikin wani kwando ko akwatin katako, ƙugiya ta ɗaga shi sama tana lilo da shi, ta dire shi cikin kwale-kwale. Gwamna da ɗan kasuwa da matar ɗan mishan duk ta nan suke bi.

Waf biyu ne, ba ɗaya ba

Jamusawa sun kafa mulkinsu a gaɓar Togo a 1884, suka mai da Lome babban birni a 1897. Waf ɗinsu an buɗe shi a watan Janairu na 1904, tsawonsa ya ɗan haura mita 300, daga baya aka ƙara masa. A watan Mayu na 1911 teku ya yi fushi ya karya wani sashe nasa, da taragu da ƙugiyoyi suka faɗa ruwa, sai a 1912 aka maido da shi bakin aiki. Bayan shekara biyu yaƙin duniya na farko ya tashi, a watan Agusta na 1914 Ingilishi da Faransawa suka ƙwace Togo. Ingilishi suka riƙe Lome har 1920, sannan ta koma hannun Faransa. Faransawa suka tarar waf ɗin Jamus ya gaji, suka gina nasu a gefensa, aka fara aiki da shi a 1928. Saboda haka saura biyu ne a bakin ruwan, kuma mutanen gari kan jingina duka ga Jamusawa, don sunansu ne ya zauna a baki.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a tarihin nan shi ne yadda ƙarfe ɗaya ya tada gari ya kwantar da wani. Kafin 1904 Aneho ce uwar ciniki a gaɓar, da manyan gidajen ƴan kasuwa. Da aka gama waf, sai aka shimfiɗa dogo na kilomita 44 daga Lome zuwa Aneho a 1905, aka hana jirage sauke kaya a Aneho. Komai sai ya bi ta Lome, inda duwan take. Aneho ba ta sake komawa yadda take ba. Mu ma mun san irin wannan a gida: Damagaram ce babban birnin Nijar har 1926, da aka ɗauke gwamna zuwa Yamai sai komai ya bi shi.

Daga bakin waf ɗin ne layukan dogo suka bazu kamar yatsun hannu. Na Kpalime, kilomita 119, an gama shi a 1907, ana ce masa layin koko. Na Atakpame ya biyo baya a wajen 1911, layin auduga, wanda Faransawa suka ƙarasa zuwa Blitta a 1934. Na Aneho kuwa layin kwakwa. Dubi sunayen kawai ka gane manufar: kowane layi da amfanin gonar da aka aike shi ya kwaso. Manja da ƙwarar kwakwar manja da masara da auduga da koko su fita. Atamfa da taba da barasa da siminti su shigo. Kuma a nan ne mai maganar bayi yake da ɗan kamshin gaskiya, ko da yake ya saɓa wuri. Dogon da hanyoyin nan da aikin tilas aka yi mafi yawansu, ana ɗebo maza daga ƙauyuka a matsayin haraji, bulala na bayansu. Dattawanmu da suka yi aikin dole na zamanin Nasara a nan ƙasar sun san ɗanɗanon abin.

Kada ka ɗauka kai ne Bahaushe na farko da ya tsaya yana kallon wurin. Tun zamanin Jamus akwai Zango a Lome. Fatake da mahauta da malamai sun gangaro ta hanyoyin goro, ta Salaga da Kete Karachi da ke ƙasar Gana ta yau, suka zauna a tsakiyar gari, har a cikin dakarun Jamus akwai Hausawa. Tsohon Zangon yana nan cikin birni har 1977, lokacin da hukuma ta tashe shi ta mai da mutane arewacin gari, ɓangaren da motocinku ke tsayawa yanzu. Kakannin waɗanda ke sayar muku da tuwo da shayi a can sun sari atamfar da ta hau wannan waf.

Namu rabon kai tsaye ya fi yawa a waf ɗin Kwatano, wanda ya girmi na Lome, don tun farkon shekarun 1890 aka kafa shi. A shekarun 1950 Faransawa sun so su karkato gyaɗar Nijar daga hanyar Kano da Legas, suka shirya jigilarta da motoci zuwa Paraku, daga nan jirgin ƙasa ya yi kilomita 438 da ita zuwa teku. Don haka aka gina gadar Gaya da Malanbil a 1958, aka kafa hukumar sufuri ta haɗin gwiwar Dahome (Benin ta yau) da Nijar a 1959. Buhun gyaɗar da manomi ya ɗaure a ƙasar Maraɗi, ƙarshensa ƙugiyar waf ce ke lilo da shi bisa ruwa.

Abin da ya kashe shi

Ba yaƙi ba ne, ba kuma sakaci kaɗai ba. Aikinsa ne ya ƙare. Ka ƙirga sau nawa ake taɓa buhu ɗaya: daga cikin jirgi zuwa kwale-kwale, daga kwale-kwale zuwa tarago, daga tarago zuwa rumbu. Kowane taɓi da fashewa da sata da jiƙewa. In teku ya tashi, musamman tsakiyar damina, aiki ya tsaya cak, jirgi na can yana cin kuɗin jira. Ga ƙugiyoyin ba sa ɗaukar abu mai nauyi sosai. Ƙasar da ke son shigo da manyan injuna da motoci da man fetur ba ta rayuwa da wannan.

Maƙwabta duk sun riga sun gane haka. Takoradi ta samu tasha mai zurfi a 1928, Abijan ta fasa mashigin Biridi a 1950, abin da ya kwantar da waf ɗin Gran Basam da na Por Buwe, Tema ta buɗe a 1962, Kwatano a 1965. Togo ta aza harsashin tata a 1962 zamanin shugaba Silbanus Olimpiyo, da tallafin Jamus ta Yamma, aka yi bikin buɗewa a 1968. A maimakon a tsallake igiya, sai aka tare ta da doguwar katangar duwatsu, aka samu ruwa kwantacce a bayanta inda jirgi zai jingina da gini. Daga ranar, waf ya zama rijiyar da aka jawo famfo kusa da ita.

Ba kowane waf ne ya mutu ba. In ka bi hanyar Aneho za ka ga na Kpeme, mai tsawon kusan mita 1,200, yana loda fosfat, ma'adinin da ake yin takin zamani da shi, tun farkon shekarun 1960. Ya rayu ne don kaya iri ɗaya yake ɗauka, garin fosfat ne da bel mai tafiya ke kwararawa kai tsaye cikin jirgi, kuma ya kai inda ruwa ke da zurfi.

Me ya hana a gyara

Nan ne fannina, bari in ɗan zauna a kai. Mu mutanen tudu ba mu san tsatsa ba. A Tawa kana iya jefar da ƙarfen amalanke a bayan gida shekara ashirin, ka ɗauko ka kankare ka yi walda. Iskarmu busasshiya ce. Tsatsa na buƙatar abu biyu, laima da iska, gishiri kuma shi ne mai zuga su. A bakin teku ukun suna tare dare da rana, ga zafi da ke ƙara musu sauri.

Na koyi wannan da asara. Wata shekara muka bar bandir ɗin kwanon rufi a fili cikin tasha, takardu suka riƙe mu makonni. Da muka kwance a Yamai, tsakanin kwano da kwano duk ya yi farin gari kamar an barbaɗa toka. Raɓar gishiri ce ta shiga ta kwanta. Sabon kwano ke nan mai rufin tutiya, a cikin makonni.

Ginshiƙin da ke tsaye cikin teku ba ya lalacewa bai ɗaya. Ɓangaren da ke binne cikin rairayi ya fi daɗewa, don iska ba ta kai masa. Wanda ke nutse kullum yana ci a hankali. Wurin da ya fi mutuwa shi ne daidai saman ruwa, inda igiya ke fantsama: ya jiƙe, ya bushe, ya sake jiƙewa, rairayi na goge duk fentin da aka shafa. A nan ƙarfen da ba a kare ba yakan rasa kashi uku ko fiye cikin goma na milimita kowace shekara. Ka ɗauki faranti mai kaurin milimita 12 da ake ci ta fuska biyu, ka yi lissafi: shekara ashirin ta isa. Waf ɗin nan kuwa ya haura shekara hamsin babu mai shafa masa ko man shanu. Inda aka lulluɓe ƙarfe da kankare ma ba a tsira ba, don tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi girma ninki-ninki. In gishiri ya kai ga rodi, sai ya kumbura ya tsaga kankaren daga ciki.

Na taɓa zuwa da ƴar gudumata na ƙwanƙwasa waɗanda hannu ke kai wa daga rairayi. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai zaƙi. Waɗannan sai su yi "dum", ɓawo ya zubo kamar na busasshen icce. Iyakar dubana ke nan, na ido da guduma daga tudu. Hukuncin ƙarshe a kan gini irin wannan na masu nutso ne da na'urar auna kauri. Amma abin da ke sama ya ishe ni in ce gyara a nan sunansa sabon gini.

Ko da an sake shi sabo fil, ba zai rage muku layi ba. Jiragen yau kwantena suke ɗauka, mai ƙafa 40 tana iya kai tan 30, kuma sabon ɓangaren tashar Lome zurfinsa ya haura mita 16 don irin waɗannan jirage. Ba a sauke kwantena cikin kwale-kwale mai rawa. Jiran da kuke yi kuma, a abin da na gani, galibi ba daga bakin ruwa yake ba. Takardu ne, da juyin lodi, da jiran ayari da rakiya a hanyar Burkina, musamman tun da iyakar Benin ta rufe a 2023 kaya suka taru a Lome.

Akwai kuma rairayi. Igiyar gaɓar nan tana tura rairayi daga yamma zuwa gabas ba dare ba rana. Katangar sabuwar tasha ta tare shi, sai ya taru a yammacinta, wato gaban gari, inda tsofaffin waf suke. Faɗin bakin tekun da ka taka, da itatuwan kwakwa da filayen ƙwallo, wani sashensa teku ne a da. A gabashin tasha kuma akasin haka ya faru: ruwa ya ci ƙasa, ya cinye tsohuwar hanyar Aneho da gidaje, ga madatsar Akosombo ta Gana da ta rage rairayin da kogin Bolta ke kawowa tun 1965.

Yankewa a sayar fa?

Na san idon ɗan kasuwar Katako ta Yamai, inda ake cinikin tsofaffin ƙarafa, ne ya yi wannan tambaya, kuma ba laifi ba ne, mu mutane ne da ba ma zubar da ƙarfe. Sai dai ciniki ne da ba riba. Mai saye nauyin ƙarfe yake biya, mafi yawan abin da ya rage a sama kuwa ɓawon tsatsa ne. Mai kyaun yana ƙarƙashin ruwa da rairayi, ciro shi sai da masu nutso da ƙugiya bisa jirgi, a daidai inda igiya ta fi ƙarfi. Kuɗin aikin ya ninka kuɗin kayan. Sannan dukiyar ƙasar Togo ce, baƙo ba ya kai hannu.

Ni a ganina ma bai kamata a yanke ba. Fadar gwamnonin Jamus da ke nan kusa, wadda aka gama a 1905, ta yi shekaru a yashe, aka gyara ta aka buɗe a 2019 ta zama gidan baje fasaha. Gran Basam ta Kodebuwa ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya a 2012 da tsofaffin gine-ginenta na ciniki. Waf ba zai samu irin wannan gyara ba, teku zai ƙarasa shi ko an so ko ba a so. Abin da ake iya yi mai araha ne: a auna shi a zana, a ɗauki hotuna, a ciro ginshiƙi ɗaya ko biyu a wanke gishirin a adana a tudu, a naɗi muryar tsofaffin da suka yi dako a kansa tun suna raye, don wanda ya yi aikin yana saurayi a 1965 yau ya kai tamanin. Sannan a kafa allo a bakin hanya da shekarun da bayanin, yadda yaro irinka ba zai koma gida da labarin gadar da ba a gama ba. Abin yana ci mini rai, domin gidajen gwamnoni ake gyarawa, wurin da talaka ya zubar da gumi kuma a bar wa ruwa. Mu ma nan muna da dogon da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso tun 2014, yara na tasowa suna tsallake shi ba su san dalilinsa ba.

In Allah ya sake kai ka, ka je da sassafe kafin rana ta yi zafi. Ka tsaya daidai gindin ƙarafan ka juya baya ga teku, ka dubi yadda layinsu ya nufi cikin gari, wajen tsohuwar unguwar duwan da tashar jirgin ƙasa. Za ka ga hanyar da taragu ke bi. Ka lura da inda igiya ke karyewa, ka kwatanta da inda ginshiƙan suka ƙare. Amma ina roƙonka, kada ka hau, ko ka ga yaran gari na hawa, kuma kada ka shiga ruwan ko zuwa gwiwa. Igiyar nan in ta koma tana janye rairayin da ke ƙarƙashin ƙafa, a kusa da ginshiƙai kuma tana haƙa ramuka, ga guntayen ƙarfe masu kaifi binne a ciki. Wanda ya iya iyo a tabkin Tabalak bai iya wannan ba. Ka gaida maigidanka, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.